Wanda Zai Kira Sunan Nana da Ganga

Talata, 11 ga Maris, bayan makaranta

An manna hoton kakarmu Nana Dufie a jikin sandar lantarki ta bakin kasuwa, da bangon coci, da tashar mota. Hoton da suka zaɓa shi ne wanda ta ce ya mai da ita kamar mai sayar da barkono. A ƙasa an rubuta ranar jana'iza, Asabar sha biyu ga Afrilu. Kafin nan tana can ɗakin sanyi na asibiti. Na daina shan ruwan firij.

Yayana Bra Oteng ya dawo jiya daga Kumasi, inda yake aikin shimfiɗa tayil. Ya ce wa mahaifiyarmu, Maa, ranar Alhamis za a yi masa aikin tiyata.

Ban taɓa rubuta wannan ba, ko a nan. Zan rubuta sau ɗaya. Tun yana ɗan shekara sha uku ƙirjinsa ya fito kamar na mace. Likita yana da dogon suna da yake kiran abin. A gari nono kawai suke cewa, su kira shi Anti Oteng. Ba ya wanka a rafi, ba ya ƙwallo, kullum a ranƙwafe yake tafiya kamar ya yar da wani abu a ƙasa.

Kuma duk garin nan babu mai hannunsa a atumpan, tagwayen ganguna, mace da namiji, da ake kiran sunan mutum da su. Amma a bayan gidan kawunmu Wofa Nsiah kaɗai yake kaɗawa, cikin riga. A filin makoki makaɗa zane suke ɗaurawa a ƙugu, ƙirji a waje. Bai taɓa tsayawa a can ba. Nana kuwa ta sha faɗa a gaban kowa: "Ranar tawa Oteng ne zai kira sunana. Nsiah ɗana ne, amma hannunsa ya yi sanyi kamar fufun jiya."

Maa ta ce, "Ka bari sai an rufe ta mana, ɗana."

Ya ce, "Maa, in an rufe ta wa zan kaɗa wa?"

Alhamis, 13 ga Maris, da rana

Yau ne. Maa ta bi shi. Ni an ce in je makaranta. Malamin lissafi ya kira sunana sau biyu ban ji ba.

Asabar, 15 ga Maris, da yamma

Sun dawo. An sa masa wata riga baƙa mai matse ƙirji, da siririyar roba a kowane gefe da ke janyo jini zuwa cikin 'yar kwalba. Yana sa kwalaben a aljihun wandonsa. Ya ce, "Afrakoma, kalle ni, na zama mai sayar da manja."

Na yi dariya, sai ya so yi shi ma, sai ya riƙe bango.

Maa ta ce nas ta ja musu kunne. Kada ya ɗauki kaya, kada ya ɗaga hannu sama da kafaɗa, kada ya yi aikin ƙarfi, sai ya yi sati shida. Ban yi lissafin a gabansa ba. Na ga shi ma ya riga ya yi.

Ya ce su nas haka suke faɗa wa kowa, har tsofaffi. Shi jikinsa na da saurin warkewa.

Lahadi, 16 ga Maris, bayan coci

Matan zumunta sun zo dubiya da lemo da burodi. Kafin su shigo Maa ta rufa masa babban zane har wuya. Ta ce musu ciki ne, an yi masa aiki a ciki.

Wata ta ce ya daina cin garin rogo da dare. Wata ta ce mijinta ma an yanka shi a nan, ta nuna ƙasan cibiyarta. Suka ɗora hannu a kan cikinsa suka yi addu'a mai tsawo. Cikin da babu abin da ya same shi.

Da suka tafi na ce, "Maa, me ya sa?"

Ta ce, "Kina so gobe a kasuwa a ce ɗan Konadu ya je an yanke masa nono? Shekara nawa ina jin bakinsu. Ki bar ni in huta."

Ina jin Bra Oteng ma ya fi son hakan.

Alhamis, 20 ga Maris, da la'asar

Yau rana ce mai kyau, ina so in rubuta ta da kyau.

An cire robobin. Da ya dawo ya kira ni ɗaki, ya ce in rufe ƙofa in riƙe masa madubin Maa. Na ce ni kunya nake ji. Ya ce, "Ke dai riƙe, ba ke za a kalla ba."

Ya kwance rigar a hankali. Wurin ya yi shuɗi da rawaya, ga ɗinki kamar rabin wata a kowane gefe. Amma a shafe yake. A shafe kamar na kowa. Ya daɗe yana kallo. Ya juya gefe, ya sake juyowa. Sai ya miƙe sosai, ya buɗe kafaɗunsa, na ga ashe ya fi ƙofar ɗakin Maa tsawo. A gida ɗaya muka tashi ban sani ba.

Ya taɓa wurin da yatsa ya ce, "Abin mamaki, ba na ji. Kamar ƙirjin wani nake taɓawa." Likita ya ce jin zai dawo a hankali, ko kuma wani ya dawo wani ya ƙi.

Ya ci ampesi, dafaffiyar doya da miya, kwano biyu. Yana ci yana kaɗa sunan Nana da yatsu a kan tebur.

Asabar, 22 ga Maris, da safe

Wofa Nsiah ya zo ina shara. Shi ne yayan Maa, shi ne kuma shugaban makaɗa. Bai zauna ba.

"Ina ango? Har yanzu kwanciyar ake yi?"

Maa ta ce wa yayanta, "Bra, likita ya ce ya huta."

"Ya huta. Ni na ce ya ɗauki buhun koko? A zaune zai kaɗa. Ciki aka yanka, Konadu, ba hannu ba. Ni da aka cire mini haƙora uku na kaɗa a ranar." Ya leƙa ɗaki. "Oteng, ba ka taɓa kaɗawa tare da sauran yaran a fili ba. Ba ranar ce za mu fara gwaji a gaban baƙi ba. Litinin da yamma. In ba za ka iya ba ka faɗa mini yanzu in san abin yi."

Na kalli Maa. Ta kalli tsintsiyar da ke hannuna. Kalma ɗaya ce kawai ake buƙata, kuma mu uku muna da ita a baki.

Bra Oteng ya ce, "Zan zo, Wofa."

Litinin, 24 ga Maris, gab da magariba

Ina jin kiɗan Bra Oteng daga nan. Na ajiye aikin gida. Ko ban gani ba na san hannunsa, nasa ba ya gaggawa. Yana kiran ta: Dufie, 'yar Ofori, wadda ba a fita gidanta da yunwa. Maa ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya a tsakar gida. Maƙwabta ma sun yi shiru.

Ya daɗe. Ya yi kyau ƙwarai.

Yanzu ya tsaya. A tsakiyar suna ya tsaya.

Talata, 25 ga Maris, da safe

Jiya ya shigo ya ce gajiya ce kawai. Yau gefen hagu ya kumbura kamar gwanda, ya yi tauri, ya yi baƙi. Yana gumi. Maa ta fita neman mota ba ɗankwali.

Laraba, 26 ga Maris

Likitoci sun sake buɗe wurin.

Juma'a, 28 ga Maris, bayan makaranta

Jini ne ya taru a ciki. Suna can har yanzu. Ni kaɗai ce a gida da akuya. Na dafa shinkafa ta ƙone, na ci a haka.

A makaranta wata ta tambaye ni ya cikin yayana. Na ce da sauƙi.

Litinin, 31 ga Maris, da yamma

Sun dawo. Bai yi wasan mai manja ba wannan karon, ko da yake akwai kwalba ɗaya a aljihu. Ya shiga ɗaki ya juya fuska bango.

Maa ta daka fufu da miyar kifi mai ɗan barkono, irin wadda yake so. Ta daka ta daka har ya wuce laushi. Bai ci ba.

Laraba, 2 ga Afrilu, da la'asar

Wofa ya sani. Direban da ya kai su ne ya faɗa wa matarsa, ita kuma ta faɗa wa matar Wofa. Na zaci zai shigo da faɗa. Bai ɗaga murya ba, shi ne ya fi ba ni tsoro.

Ya ce, "Konadu, ni ne baƙo a gidan nan?"

Maa ta ce, "Bra, kunya ce."

"Kunyar wa? Yaron nan a cinyata ya koyi riƙe sanda. Kina tsammani ban san abin da ke ƙarƙashin rigarsa ba? Da kin ce mini ƙirji ne, da ni da kaina zan ɓoye gangunan a gidan fasto."

Maa ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da zanenta.

Ya shiga wurin Bra Oteng, ni ina bakin ƙofa da ruwan da aka ce in kawo. Ya ce, "Tashi zaune. Ɗaga dama." Ya ɗaga. "Ɗaga hagu."

Ya ɗaga har daidai haƙarƙari. Ya cije leɓe ya ƙara kaɗan. Hannun ya tsaya nan.

"Ya isa."

"Wofa, da saura kwanaki. Zai saki."

"Na ce ya isa."

"To ku ɗaga ranar."

"An buga takarda, an gaya wa sarki, 'yan uwa na ƙasashen waje sun yanki tikiti. Ka san ba ni kaɗai ke da uwar nan ba." Sannan ya ce, "Abokinka Kusi zai kaɗa."

Ya karɓi ruwan ya riƙe, bai sha ba, ya mayar mini.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Bai fito ba. Bai ci ba.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Bai fito ba. An yi ruwa, na kwashe shanya ni kaɗai.

Asabar, 5 ga Afrilu, da hantsi

Maa ta ce in taya ta canza masa bandeji saboda ita kaɗai ba za ta iya ba. Ba na son rubuta abin da na gani, amma in ban rubuta ba yana nan a idona.

Dama ya yi kyau, kumburin ya sauka. Hagu ya lotsa kamar gwangwanin madara da aka taka. Ɗinkin ya fi na da tsawo, ya kai kusan hammata. Ɗan baƙin wurin nan na tsakiya ya shige ciki, rabinsa ya canza launi. Likita ya ce a ba shi shekara guda a gani, watakila a iya gyarawa.

Bai nemi madubi ba. Yana kallon rufin ɗaki ya ce, "Da ina da biyu iri ɗaya. Yanzu kowanne da nasa hali."

Maa ta ce, "Ka yafe mini."

Ya ce, "Maa, ni na riƙe sandar. Ki manna filastar kawai."

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan makaranta

Kusi ya zo. Abokin Bra Oteng ne tun firamare, kuma shi ne bakinsa ya fi na kowa kaifi. Yana shigowa ya buɗe baki kamar kullum, "Ina Anti..." sai ya haɗiye sauran. Ya tsaya yana murza hularsa.

Bra Oteng ya ce daga kwance, "Ƙarasa mana. Anti ta yi tafiya, ta bar maka gaisuwa."

"Kai dai Allah ya shirye ka." Ya zauna a bakin gado. "Oteng, ni ƙararrawar makaɗa kawai na iya bugawa, kai ma ka sani. Tsohon nan zai kashe ni. Jiya ya ce ina kiran Nana kamar mai bin ta bashin kifi. Ban san sunayenta duka ba. Ka koya mini."

Na zaci zai kore shi. Na so ya kore shi.

Sai ya ce in kawo kwanon wanki biyu in kife a gaban Kusi. Shi yana faɗa da baki, Kusi yana bugawa da cokula. "A'a. Ta macen za ka fara, sannan ta namijin. Kada ka yi sauri a sunan ubanta, ka bar shi ya zauna. Sake. Kai, hannu ne da kai ko tafin agwagwa? Sake."

Har suka yi dariya sau ɗaya. Da Kusi ya samu wurin daidai, Bra Oteng ya ce, "Haka ne," ya juya bango ya ce ya gaji.

Kusi ya same ni a waje ya ce, "Ƙanwata, wallahi ban nema ba." Na ce na sani. Ban iya kallon sa ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, da yamma

Kusi yana zuwa kullum. Yana ƙara iyawa. Ban san ko in ji daɗi ba.

An kawo zannuwanmu daga wurin tela, baƙi da ja. Gida ya cika da 'yan uwa, ana ta faɗa a kan kujeru da rumfa. Kowa ya shigo sai ya tambayi mai ciwon ciki. Wasu sun sani, ina gani a yadda suke tambayar.

Na ji Maa tana ce masa ba dole ne ya fito ba, za ta ce jikin ne. Ya ce, "An gama faɗa mini abin da za a ce. Zan fito."

Juma'a, 11 ga Afrilu, da yamma

An kawo Nana. Sun yi mata kwalliya da sarƙoƙi, sun shafa mata hoda da yawa. Ba ta yi kama da kanta ba sai a hannu. Bra Oteng ya tsaya a gefen gadon ya daɗe. Leɓensa na motsi. Ban matsa kusa ba.

Asabar, 12 ga Afrilu, bayan an watse

Mun rufe ta da safe. Da rana aka zauna a fili.

Ya yafa baƙin zanensa irin na maza, ta kan kafaɗar hagu, dama a waje. Ban taɓa ganin sa cikin zane ba. Ya cire rigar matsin, ya bar filasta ƙarama kawai. Na ce a raina Allah ya taimake mu, zanen ya rufe gefen da ya lalace.

Na manta da gaisuwar sarki. Mazan gida suka yi layi suna bi suna miƙa hannu, kuma duk wanda ya iso gaban sarki sai ya zame takalmi ya sauke zanen daga kafaɗa zuwa ƙugu. Na ga layin yana matsowa. Wofa yana gabansa, ya waiwayo ya yi masa magana a kunne. Bra Oteng ya girgiza kai.

Ya iso. Ya sa hannun dama ya sauke zanen. Duka biyun a waje, cikin rana, a gaban garin nan gaba ɗaya.

Na bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya ina jiran wanda zai fara. Wata tana neman mafici a jakarta. Samarin da suka raɗa masa sunan nan suna rabon ruwan leda. Sarki ya kama hannunsa ya ce, "Sannu, jikan Dufie," idonsa har ya wuce kan na bayansa. Shi ke nan. Babu wanda ya yi dariya. Babu ma wanda ya kalla sosai.

Ya mayar da zanen ya zo ya zauna a layinmu, kujera biyu tsakanina da shi.

Sai Kusi ya fara. Na yi ta addu'a kada ya yi kuskure, wani gefen zuciyata kuma yana addu'ar akasin haka, Allah ya yafe mini. Bai yi kuskure ba. Ya fara ta macen, ya bar sunan ubanta ya zauna. Tsofaffin mata suka miƙe suna rawa suna kuka, wata ta je ta goge masa gumi da hankicinta. Wofa ya sunkuyar da kai.

Bra Oteng bai motsa ba. Ya sa hannayensa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu har aka gama.

Lahadi, 13 ga Afrilu, kafin coci

Yau fari za mu sa, na godiya. Na kai masa shayi na same shi zaune a bakin gado ba riga, taga a buɗe. Bai rufe jikinsa ba da na shigo.

Ya ce, "Kin gani jiya? Ba wanda ya kalla."

Na ce na gani.

"Tun ina yaro abin da nake roƙo ke nan. In tsaya a fili kowa ya yi harkarsa."

Ban san abin da ya sa na tambaya ba, ni da ba na tambaya. Na ce, "Bra, ka yi nadama?"

Ya kalli ƙirjinsa, gefen mai kyau da gefen da ya lotsa. Ya ce, "Jiya na yi ta nema a raina, in samu in ce wa Nana na yi. Ban samu ba. Ko yau aka ce in zaɓa, zan sake kwanciya a yanka. Abu ɗaya ta roƙe ni duk rayuwarta, Afra, kuma ko nadamar ma na kasa ba ta."

Na tsaya da kofin a hannu. Na nemi abin da Nana za ta ce, na rasa. Ita da ta san abin faɗa.

Ƙararrawar coci ta buga. Ya ɗauko farin zanen ya yi ƙoƙarin jefa shi ta kan kafaɗa, ya zame. Ya sake, ya zame. Sai ya miƙo mini bakin zanen ya ce, "Taya ni. Hannun bai kai ba."